Daga Gwaiduwar Ƙwai Zuwa Man Kittani: Tarihin Fentin Mai

Duk wanda ya taɓa zama kusa da alaramma yana haɗa tawada ya san baƙin zuge shi kaɗai ba ya zama a kan allo. Sai an dafa shi da ƙaro. In babu ƙaro, da rubutu ya bushe hannu ya goge shi, shi ke nan ya kakkaɓe. Matsalar alaramma ita ce matsalar kowane mai zane a duniya, domin launi gari ne kawai, ƙasa ce ko dutse ko ƙarfe da aka niƙa, kuma gari ba ya manne wa komai da kansa. Dole a sami abin da zai riƙe shi. Mutane sun gwada ƙaro, sun gwada kakin zuma, sun gwada gam ɗin fata da ƙwai da ɗanyen yaɓe. Abin da ya rinjayi sauran a Turai, ya mallaki sana'ar zane kusan shekara 500, shi ne mai. A wannan maƙala za mu bi tarihin wannan mai, da yadda halinsa guda ɗaya, wato jinkirin bushewa, ya tsara wa masu zane yadda za su yi aiki a shagunansu, da kuma abin da ya sami zanuka sa'ad da masu su suka daina sanin abin da ke cikin fentinsu.

Mai karatu zai iya tambaya, to wane mai? Ba kowane ba. Idan aka kwaɓa launi da man gyaɗa ko man zaitun aka shafa a katako, za a dawo bayan wata shida a tarar da shi yana danƙo, ƙura ta lulluɓe shi. Man da ke bushewa 'yan kaɗan ne. Babbansu shi ne man 'ya'yan kittani, tsiron nan da ake saƙa farin yadi da zarensa, wanda 'yan kasuwar fenti ke kira linsid. Sai man wata gyaɗar bishiya mai suna walnat, da man 'ya'yan furen fofi. Kuma kalmar bushewa ma aro muka yi, don ruwa ne ke bushewa ta hanyar bin iska. Shi wannan mai ba ya tafiya ko'ina. Iskar oksijin yake sha, har nauyinsa ya ɗan ƙaru, sannan a hankali ya rikiɗe ya zama wata fata mai tauri wadda ta ɗaure garin launi a cikinta. Samansa kan kame cikin kwanaki, cikinsa sai bayan watanni, cikakken taurinsa kuwa sai an yi shekaru masu yawa. Mai karatu ya riƙe wannan, don duk labarin a kansa ya rataya.

Kafin mai ya yi tashe, masu zanen Italiya da gwaiduwar ƙwai suke kwaɓa launi. Fentin ƙwai yana da ƙarko ƙwarai, akwai zanukan da aka yi da shi shekara 700 da suka wuce har yau launinsu tas. Illarsa ita ce yana kamewa nan take. Mai zane ba shi da damar ya cuɗa launi biyu a kan katako, ko ya gyara inda ya karkace. In yana son inuwa a kumatu, sai ya yi ta jera siraran layuka ɗaya bisa ɗaya, kamar mai ɗinkin hula.

Labarin da ya daɗe yana yawo shi ne wai wani mutumin ƙasar Filandas, yankin da ke cikin Beljiyam a yau, mai suna Jan van Eyck, shi ya ƙago fentin mai. Wanda ya baza labarin Giorgio Vasari ne, a littafinsa na tarihin masu zane da ya fito a 1550. Ya ce van Eyck ya gama wani zane ya shanya shi a rana don banish ɗin da ya shafa ya bushe, zafi ya tsaga katakon, haushin wannan ya sa ya shiga bincike har ya gano mai. Labari ne mai daɗi, irin wanda mu marubuta muke so, shi ya sa ya rayu fiye da shekara 200 ba a ƙalubalance shi sosai ba. A 1774 wani marubuci Bajamushe, Lessing, ya fito da wani tsohon littafi na wani ɗan zuhudu mai suna Theophilus, wanda aka rubuta a farkon ƙarni na 12, wato kusan shekara 300 kafin van Eyck. A ciki akwai bayanin yadda ake tatsar man kittani da yadda ake kwaɓa launi da shi, har da ƙorafin cewa aikin yana da gajiyarwa, tunda duk launin da aka shafa sai an jira ya bushe kafin a ɗora wani.

Sai kuma ga wata shaida daga inda ba a zata ba. A kwarin Bamiyan na Afganistan, inda 'yan Taliban suka rusa manyan gumakan nan biyu a 2001, akwai koguna masu zane a bango. A 2008 masu bincike suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi wa ɓarɓashin fentin a wata cibiyar kimiyya da ke Grenoble ta Faransa: a wasu kogunan, da mai aka kwaɓa launin, kuma aikin na wajen tsakiyar ƙarni na 7 ne. Ashe tun van Eyck bai zo duniya da shekara 700 ba ake wannan sana'a a kan hanyar fatake ta tsakiyar Asiya.

Wannan bai rage wa van Eyck daraja ba a wurinmu. Abin da shi da mutanen zamaninsa suka yi shi ne sun mai da jinkirin nan da Theophilus ke kuka da shi ya zama riba. Sukan sami katakon itacen ok, su shafe shi da alli da gam har ya yi fari fat, ya yi santsi. Su zana surar a kai. Sannan su riƙa ɗora fenti siriri, mai shara-shara kamar gilashi mai launi, shafi bisa shafi, kowanne sai na ƙasa ya kame. Haske kan ratsa waɗannan shafe-shafe ya bugi farin allin ya dawo, sai a ga kamar daga cikin zanen hasken ke fitowa. Kuma da yake fentin yana daɗewa a ɗanye, ana iya cuɗa haske da inuwa har a rasa inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Wanda ya ga babban zanen cocin garin Ghent da aka kammala a 1432, ko hoton attajiri Arnolfini da matarsa na 1434 da ke Landan, inda ɗan madubin bango ya ɗauko ɗakin gaba ɗaya, ya san dalilin da ya sa mutanen Italiya suka ɗauka wani asiri ne. Van Eyck ya rasu a 1441. Zuwa 1475, lokacin da Antonello da Messina ya isa birnin Benis da irin wannan aiki, fentin ƙwai ya fara ja da baya a Italiya.

Shagon gwani

Ya kamata mu ɗan dakata a cikin shagon mai zane na wancan zamani, don a nan ilmin yake. Wanda ya fi ba mu haske shi ne Cennino Cennini, wanda ya rubuta littafin koyar da sana'ar a wajen 1400, bayan ya yi shekara 12 a hannun ubangidansa Agnolo Gaddi. A lissafinsa, yaro zai yi shekara guda yana koyon zane da alƙalami. Sai shekara 6 yana niƙa launi, yana dafa gam, yana shafa alli a katako, yana manna zinariya. Sai wasu 6 ɗin yana koyon shafa fenti. Shekara 13 ke nan, kuma kusan rabinsu a gindin dutsen niƙa. Duk wanda ya san yadda ɗan koyo ke daɗewa yana ɗebo ruwa da toka a marina kafin a bar shi ya tsoma zane a karofi, ba zai yi mamakin wannan ba.

Niƙan nan ba wahalar banza ba ce. Kowane launi da halinsa. Wani in an niƙa shi da yawa yana ƙara kyau, wani kuwa, kamar wani shuɗi da ake samu daga ma'adinin tagulla, in ya yi laushi ainun sai ya koɗe. Wani yana shan mai kaɗan, wani da yawa. Wani yana bushewa cikin kwana biyu, baƙi da wasu jajaye kuwa sai su yi mako biyu suna danƙo. Yaron da ya yi shekara 6 yana juya dutse ya san waɗannan a tafin hannunsa. Cennini har ya lura cewa gwaiduwar kazar birni ta fi ta ƙauye haske, don haka ita ta dace da fuskar matasa, ta ƙauye kuma a bar wa fuskar tsofaffi. Ya kuma bayyana yadda ake dafa man kittani a wuta, ko a shanya shi a rana lokacin bazara har ya yi kauri, don ya fi saurin kamewa.

Launi biyu sun cancanci a ambace su. Na farko farar dalma. Akan sa sillayen dalma a tukwane da ɗan ruwan khal a ƙasa, a binne tukwanen cikin kashin doki, a bari kamar wata uku. Zafi da tururin da ke tashi su ci dalmar ta fitar da farin ɓawo, a kankare a wanke a niƙa. Guba ce, ta kashe masu yin ta da dama. Amma ita ce ƙashin bayan fentin mai har ƙarni na 19, saboda dalma tana sa mai ya kame da wuri, kuma fatar da take bayarwa tana da tauri ba ta da saurin karyewa. Na biyu shuɗin nan mai tsada da ake samu daga dutsen lafis lazuli, wanda ake haƙowa a duwatsun Badakshan, can Afganistan ɗin dai, a bi da shi ta Benis. In an niƙa dutsen kawai toka-toka yake bayarwa. Sai an cuɗa garin da kaki da ƙaron itace ya zama curi, a bar shi kwanaki, sannan a riƙa murza shi cikin ruwan toka, shuɗin ya riƙa fita yana kwantawa. Tatsar farko ita ce mai daraja, kuma akwai lokacin da ta yi gogayya da zinariya a farashi. Shi ya sa a takardun yarjejeniya tsakanin mai zane da mai ba da aiki akan rubuta irin shuɗin da za a sa da kuɗinsa, don kada a yi wa mutum algus.

Daga wannan sani ne aka fitar da babbar ƙa'idar sana'ar, wadda har yau ita ake fara gaya wa ɗalibi: shafin ƙasa ya kasance mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi mai. Dalili kuwa a fili yake. In na ƙasa ya cika mai, zai daɗe yana motsi yana neman iska, na sama da ya riga ya kame sai ya tsattsage kamar tabkin da ya ƙafe. Haka kuma ba a shafa fentin mai a kan yadi tsirara, sai an fara rufe zaren da gam, in ba haka ba mai ya ci zaren ya ruɓar da shi. Banish kuwa, wanda ake shafawa a ƙarshe don kare zane, sai an jira wata 6 ko shekara.

Wanda ya raina waɗannan dokoki, ko shi wane ne, ya sha kunya. Leonardo da Vinci ba ya son gaggawar da zanen ɗanyen yaɓe ke bukata, inda dole a gama yankin da aka yaɓa kafin ya bushe a ranar. Da aka ba shi aikin zana jibin ƙarshe na Annabi Isa da almajiransa a bangon wani gidan zuhudu a Milan, tsakanin 1495 da 1498, sai ya yi a kan busasshen bango da haɗin ƙwai da mai, don ya sami damar tsayawa ya yi tunani ya gyara. Bangon kuwa yana da laima. Tun yana raye, a 1517, wani matafiyi ya rubuta cewa zanen ya fara lalacewa. Gyaran ƙarshe da aka yi masa ya ɗauki shekara 21, daga 1978 zuwa 1999, kuma abin da ya rage na hannun Leonardo kansa ba shi da yawa.

A Benis laimar ce ta kawo wani sauyi. Birni ne a kan ruwan gishiri, zanen bango ba ya ƙarko a can. Amma birni ne na jiragen ruwa, yadin filafilai ba ya yankewa. Sai masu zane suka koma wa yadi da aka ɗaure a firam, wanda ya fi katako sauƙi, ana iya yin sa da girma, a naɗe a kai wata ƙasa. Kaushin yadin ya kawo sabon salon shafi. An ruwaito daga wani almajirin Titian cewa gwanin kan shimfiɗa zane da manyan shafe-shafe, ya juya fuskarsa ga bango ya bar shi watanni, sannan ya juyo da shi ya dube shi kamar abokin gaba, ya gyara, ya sake ajiyewa, kuma a ƙarshe ya fi amfani da yatsunsa a kan buroshi. Saboda jiran nan ne shago kan kasance da zanuka da yawa a lokaci guda, ana taɓa wannan yayin da wancan ke shan iska. Rembrandt na Holan, wanda ya rasu a 1669, ya kai abin wani matsayi, yana tara farar dalma da kauri a goshi da hanci har ta yi tudu, ta kama hasken ɗaki da kanta.

Neman asiri

Daga ƙarni na 17 zuwa na 18 tsarin shago ya fara rushewa. Makarantun zane na sarauta suka maye gurbin ubangida da yaransa. A makarantun ana koyar da zanen sura da tarihi da ka'idojin kyau, amma niƙa launi an ɗauke shi aikin ƙasƙanci wanda bai dace da mai ilmi ba. Sai 'yan kasuwa suka karɓi aikin, suna niƙawa suna ƙullawa cikin mafitsarar alade kamar ƙullin yaji, mai zane ya huda da ƙusa ya matsa. Cikin zuriya biyu ko uku, abin da kowane yaron shago ya sani ya zama abin da manyan malamai ke yi wa kirdado.

Nan ne aka shiga neman asirin magabata. Masu zanen Ingila suka dubi zanukan Titian da Rembrandt, waɗanda tsufa da tsohon banish suka ba su wani launi na zuma, suka ƙudurta lalle akwai wani haɗi na ɓoye. Joshua Reynolds, shugaban farko na makarantar zane ta sarauta da aka kafa a Landan a 1768, ya shafe rayuwarsa yana gwaje-gwaje da kaki da ƙaro iri-iri da wani jan launi mai saurin koɗewa. Tun yana raye masu hotuna suka fara ganin fuskokinsu suna yin fari kamar na majinyata, wasu kuma fenti na ɓanɓarowa. Wasu masu zanen suka rungumi kwalta saboda kyakkyawan duhun da take bayarwa, alhali kwalta ba ta taɓa bushewa sarai, sai ta yi ta motsi har fuskar zane ta koma kamar fatar kada. Har akwai wani launi ƙasa-ƙasa da ake yi da niƙaƙƙun gawarwakin mutanen Masar na dā. An ce da Edward Burne-Jones ya ji gaskiyar abin da ke cikinsa, sai ya ɗauko nasa ya yi masa jana'iza a lambu. Wani kamfanin Landan bai daina sayar da shi ba sai a shekarun 1960, da gawarwakin suka ƙare masa.

Abin dariyar da ya fi kowanne ya faru a 1797. Wani mutum mai suna Thomas Provis da 'yarsa Ann Jemima suka zo wa Benjamin West, wanda ya gaji Reynolds a shugabanci, da wata takarda. Suka ce kwafi ce ta wani tsohon rubutu daga Benis mai ɗauke da asirin Titian, na asalin kuma gobara ta cinye shi. West ya gaskata, ya yi zane da haɗin. Wasu manyan 'yan makarantar suka biya gini 10 kowannensu don a sanar da su, bisa alkawarin ba za su faɗa wa kowa ba. Da aka baje zanukan a bikin nune-nune na shekarar, 'yan jarida suka yi musu ca, mai zanen barkwanci James Gillray kuma ya fitar da hoton da ya mai da su abin dariya a gari. Ba mu ga laifin yarinyar da ubanta kamar na malaman ba. Da akwai ko mutum ɗaya a cikinsu da ya taɓa yin shekara a gindin dutsen niƙa, da takardar ba ta wuce hannunsa ba.

Wannan ƙishirwa ba ta mutu da su ba. A 1948 ma Jacques Maroger, wanda ya yi aiki a ɗakin binciken gidan tarihi na Louvre a Faris, ya wallafa littafi yana cewa ya gano haɗin magabata, na mai da aka dafa da dalma aka gauraya da ƙaro. Amma da masana kimiyya suka sami na'urorin da ke iya tantance ɗan ɓarɓashin fenti, abin da suka fi samu a zanukan van Eyck da Titian da Rembrandt shi ne man kittani ko na walnat, wani lokaci dafaffe, wani lokaci da ɗan ƙaro kaɗan. Kayan da kowa ke iya saye ne a kasuwa.

Bututu

A 1841 wani Ba'amurke mai zanen hotunan mutane da ke zaune a Landan, John Goffe Rand, ya yi rajistar wata ƙirƙira: ɗan bututun kuza mai laushi da ake matsawa, irin wanda muka sani yau da man goge baki. Kamfanin Winsor & Newton, wanda aka kafa a 1832, na cikin waɗanda suka fara sayar da fenti a ciki. Mafitsara in an huda ta fentin ya fara lalacewa ke nan, bututu kuwa ana rufewa a ajiye. A daidai wannan zamani masana kimiyya suna ta fito da sababbin launuka: shuɗin kobal a 1802, rawaya mai haske daga sinadarin kurom, sannan a 1828 aka ba Guimet na Faransa kyautar faran 6,000 saboda ya haɗa shuɗin lafis lazuli a masana'anta, abin da ya karya farashin dutsen Badakshan.

Da bututu a jaka mai zane ya iya barin ɗaki ya tafi bakin kogi. Ɗan Renoir ya ruwaito cewa mahaifinsa yakan ce in ba don fentin bututu ba, da ba a yi su Monet da Cézanne da sauran ƙungiyarsu ba. A wani zane da Monet ya yi a bakin teku a Trouville a 1870, har yau akwai ƙwayoyin rairayi maƙale a cikin fentin. Salon aiki ya juye gaba ɗaya. Maimakon shafi bisa shafi na watanni, sai a gama zane a zama ɗaya ko biyu, ɗanye a kan ɗanye, kafin rana ta karkata.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mai zane yanzu bai san abin da aka zuba masa a bututu ba. Don kada mai ya rabu da gari a kan kanta, 'yan kasuwa kan ƙara kaki da wasu abubuwa, marasa tsoron Allah kuma su ƙara alli ko launi mai araha. A 1880 William Holman Hunt ya tsaya gaban wata ƙungiyar masana a Landan ya yi doguwar lacca yana kukan cewa masu zanen zamaninsa sun zama bayin masu sayar da launi, ba su iya bambance na gari da na algus. Van Gogh, wanda ƙanensa Theo ke aiko masa da fenti daga Faris, ya rubuta a wasiƙa a 1888 cewa bangon ɗakin kwanansa da ya zana shuɗi ne mai ratsin ja. Yau bangon shuɗi ne kawai, jan da ke ciki haske ya cinye shi. Wasu daga cikin rawayensa kuma sun dushe sun koma ƙasa-ƙasa. Farar tutiya, wadda aka yi murna da ita a ƙarni na 19 don ba ta da gubar dalma, daga baya bincike na shekaru a cibiyar Smithsonian ta Amurka ya nuna tana sa fenti ya yi ƙamas, ya riƙa ɓallewa daga abin da ke ƙarƙashinsa.

Wani abin ban sha'awa shi ne, a ƙarni na 20 mutumin da ya fi damuwa da halin mai ɗan damfara ne. Han van Meegeren na Holan ya so ya ƙirƙiri zanukan ƙarya da sunan Vermeer, gwanin ƙarni na 17. Ya san gwajin da masana ke yi: a goga barasa a fenti, in sabo ne ya narke, in ya shekara ɗaruruwa ya tsaya. Ba shi da shekara 250 ta jira. Sai ya kwaɓa launinsa da wani ruwan roba na zamani, ya yi zanen a kan tsohon yadi na ainihi, ya gasa a tanda har ya yi tauri, ya lanƙwasa shi a kan gora don ya tsattsage, ya cusa baƙar tawada a tsagogin ta zama kamar dattin zamani. A 1937 babban masanin Vermeer na lokacin ya shaida ɗaya daga ciki, gidan tarihi na Rotterdam ya saya. Asirinsa bai tonu ba sai a 1945, da aka kama shi bisa zargin sayar wa Göring na Jamus dukiyar ƙasa. Don ya kuɓuta daga laifin cin amanar ƙasa sai ya ce ai shi ya zana, kuma ya zana wani a gaban shaidu. An yanke masa ɗaurin shekara guda a 1947, ya rasu kafin ya fara.

Bayan yaƙin duniya na biyu mai ya sami kishiya. Fentin roba da ake kira akirilik ya shigo kasuwa a shekarun 1950, ana sirka shi da ruwa, yana bushewa cikin mintoci, kamar an koma zamanin ƙwai ta wata ƙofa. Aka kuma fito da haɗe-haɗen alkid masu sa fentin mai ya kame a kwana guda, da fentin mai da ake wanke buroshinsa da ruwa, saboda masu zane da dama sun gane tururin tafentin da sauran ruwan sirki yana cutar da ƙirji a rufaffen ɗaki. Farar titaniyam ta maye gurbin farar dalma a yawancin shaguna. Wani haɗarin kuwa bai canza ba tun zamanin Cennini: tsumman da ya jiƙe da man kittani in aka dunƙule shi aka jefar a kwando, shan iskar nan da yake yi yana haifar da zafi, har ya kan kama wuta da kansa.

Fentin mai ya iso Nijeriya da bututunsa, ba tare da dutsen niƙa ba. Aina Onabolu, haifaffen Ijebu-Ode a 1882, ya koya wa kansa zane ta hanyar kwaikwayon hotunan littattafai da jaridun Turawa, kafin ya tafi Landan da Faris karatu a 1920. Da ya dawo ya matsa wa gwamnatin mulkin mallaka ta sa zane a manhajar makarantu, abin da ya kai ga zuwan Kenneth Murray a 1927. A 1955 aka mai da sashen koyar da zane na kwalejin fasaha daga Ibadan zuwa Zariya, kuma a nan ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu, suna neman a zuba surori da tunanin gida cikin kayan aikin da aka kawo daga waje. Kwalejin ce ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Darajar abin da wannan zuriya da magabatanta suka bari ta fito fili a 2018, sa'ad da aka sayar da hoton Tutu na Ben Enwonwu a Landan a kan fam miliyan 1.2.

Sai dai ƙa'idojin da muka lissafa an gina su ne a kan yanayin Filandas da Italiya, namu kuwa ya fi nasu tsanani ga zane. Da damina yadi da gam ɗin da ke jikinsa suna shan laima su saki, naman gwari ya sami wurin zama a bayan firam. Da hunturu iska ta bushe ƙarau, su ɗaure tamau. Fatar fentin da ke kai ba ta iya bin wannan kai-da-kawo shekara da shekaru ba tare da ta tsage ba. Ga ƙurar hunturu da ke sauka a kan ɗanyen fenti ta zauna ke nan har abada. Mu da ke koyarwa a makarantun sakandare mun san kuma abin da tsadar kaya ke sa ɗalibi ya yi: ya sami yadin akoko ya ɗaure, ya shafa fenti a kai tsirara ko bisa ɗan fentin bango, ya sirka da kananzir, in bututu ya ƙare ya cike da fentin ƙofa. Fentin ƙofa a kan kansa ba abin kunya ba ne, Picasso ma ya yi aiki da shi, gwajin kimiyya ya tabbatar. Amma yana kamewa cikin sa'o'i, kuma in aka ɗora shi bisa fentin bututu mai kauri da bai gama shan iska ba, tsagar farko kan bayyana tun zanen bai ga hunturu na biyu ba.